Ruwan da Na Ba Baƙi

Yau da safe na zura guga a rijiyarmu ta Falanko, na jawo taɓo da kwaɗo guda. Shi ma kwaɗon kallon tausayi ya yi mini.

Tun da wani kamfanin jimar fatu ya sauka kusa da mu, kamyonsa biyu, manyan motocin ɗiban ruwa, ke zuƙe rijiyar kafin matanmu su iso. Mun kai kuka wurin Mai Girma Sarkin Alkawari, ya ce ana nazari. Har yau nazarin bai nuna ba.

Watan jiya sai ga labari: Nasarun da suka zuba jari a kamfanin sun ce ba za su ƙara ko dala ba sai sun ga rahoton yadda ake zaune da mutane, da ruwa, da itatuwa. Maƙwabcina Manzo ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Gari ya zaɓe ni in yi bayani, tunda kowa ya san bakina ba linzami. Na bugi ƙirji na ce sai shugaban kamfanin, Mushe Darakta, ya yi gumi.

Ranar da masu rubuta rahoton suka zo, a ƙofar gidana aka shimfiɗa tabarma. To, wane ɗan halal ne zai miƙa wa baƙo taɓo? Tun asuba na tura matata Kaltuma da jaki wata rijiya ta wajen Ollelewa. Ta kawo ruwa garau, na zuba a sabuwar ƙwarya. Baturiyar cikinsu ta sha, ta ɗauki hoton ƙwaryar, ta sa tafinta ya tambaye ni yadda muke da ruwa. Darakta na gefe yana murmushi, ga shi ya gaishe ni hannu bibbiyu. Kunya ta kama ni, na ji bakina ya ce, "Sai godiya."

Manzo ya taka mini ƙafa, amma alƙalami ya riga ya bushe.

An ce rahoton ya yi kyau ƙwarai, har da hotona ina washe haƙora. Masu jari suka ji daɗi suka ƙara kuɗi, kamyo ya zama huɗu. Wallahi abin na ci mini rai, ga ba wanda zan zaga sai kaina.

Kaltuma ba ta yi faɗa ba. Igiyar jakin kawai ta miƙo mini ta ce, "Malam, tunda godiya kake, hanyar Ollelewa ta zama taka."

Jakin ma yanzu sai na roƙe shi yake tashi.