Mai Fada a Wurin Aljanun Tasha

Wani mutum ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, wanda Allah ya hore wa ƙarfi amma ya hana shi sha'awar amfani da shi. Idan lokacin yankan riɗi ya yi, motoci suka kwashi maza zuwa gonakin Gadambaliya, shi sai ya sulale zuwa wani tsohon sito na tashar jirgin ƙasa, wanda aka daɗe da yasarwa. Bangon ginin kauri gare shi, cikinsa sanyi kamar randa. A nan yake shimfiɗa buhu ya yi barci daga hantsi har la'asar, ba mai tada shi sai jemagu.

Ana nan sai lajnar unguwa, wato kwamitinta, ƙarƙashin wani dattijo Alhaji Ɗanmusa, ta samo izinin gyara ginin. Aka tsara mata masu shayi da masu kisra, wato gurasar dawa, su sami rumfuna, teloli su sami kusurwa, a ware ɗaki guda na taro. Kowa ya yi murna ban da mutumin.

Ranar da aka taru za a fara aikin gayya, ya miƙe ya ce yana da amana a wuyansa. Ya shaida wa jama'a cewa ginin cike yake da aljanu tun zamanin Turawan Ingilishi, har da shugabansu, wani Nazir, wato babban jami'in tasha, mai hula da usur, wanda ke zagaye da tsakar rana yana duba tikiti. Wanda aka samu ba tikiti, in ji shi, sai a murɗe masa baki.

Jumai mai shayi ta dafe haɓarta ta ja da baya. Elfadil magini ya ce ya tuna yana da wani aiki a garin Doka.

Alhaji Ɗanmusa ya gyara rawani, ya tambaye shi yadda aka yi shi yake kwana a ciki lafiya.

"Ya Hajj, ni mun saba. Ni kaɗai suke ragawa."

"Alhamdulillahi. Ashe Allah ya ba mu ma'aikaci. Ga shebur."

Washegari mutumin ya kwashe kashin jemage har bayansa ya sage. Da yamma ya kawo saƙo cewa Nazir ya ce ƙarar shebur tana sa masa ciwon kai. Alhaji ya ce ba za a saɓa wa babba ba, a ci gaba da hannu.

Ya kwashe da hannu. Sai ya sake kawo saƙo cewa aljanu ba sa son jakin da ke kawo ruwan kwaɓa. Aka mayar da jaki gida, aka ba mutumin gammo ya ɗauko ruwan da kai. Ya ce sun hana taɓa rufi. Alhaji ya ce lalle mutanen gari suke nufi, ba amininsu ba, aka jingina masa tsani. Jama'a kuwa kullum suna zaune can nesa a inuwa, suna shan shayin Jumai, suna yi masa addu'a.

Kafin ginin ya miƙe, mutumin ya rame kamar karan dawa. Ran nan da tsakar rana ya sauko daga tsani, ya zube gaban Alhaji.

"Ya Hajj, wallahi ba aljani ko ɗaya. Wurin barcina nake karewa. A shigo a taya ni, don girman Allah."

Jumai ta ce wannan ba muryarsa ba ce. Elfadil ya ce shi ma ya lura idanun sun juye. Alhaji Ɗanmusa ya cire takalmi, ya rusuna da ladabi.

"Mun ji, ya Nazir, kuma ba za mu faɗa tarkonka ba. Sai dai muna roƙo ka sakar mana bawan Allahn nan, saura shafen bango."