Yatsana da Kwamfutar Hadiza

Ranar a gidana akwai ɗiyata Hadiza, da uwar mijinta Hajiya Kulu daga Argungu, da matan ƙungiyarmu ta masu albasa. Hadiza ta haɗa mana manhajar duba farashi, mai aiki a waya da kwamfuta. Ni kuwa na ƙware a waya, har ina tsawata wa masu nawa.

Da Hadiza ta buɗe kwamfutarta za ta nuna mana, na ce, "Gusa, ni na haife ki." Na danna hoton albasa a gilashin kwamfutar, shiru. Ashe ita ba ta jin yatsa. Na ƙara ƙarfi, sai ga ta rigingine cikin kwanon kunu.

Hajiya Kulu ta ce, "Hajiya, a fadama ake tuge albasa."

Washegari na ɗaure fuska na shiga kasuwa. Tun daga ranar, kowa ya gaishe ni sai ya tambayi lafiyar yatsa.