Kwamfutar Yaya Ta Rasu Ba Ta Faɗi Inda Ruwa Zai Tsaya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan gidan ƙarshen layi, daf da bakin kogi, suna sanar da rasuwar kwamfutar Yaya, wadda ta cika da rana tsaka a kan teburin falo, tana bakin aiki.

Marigayiyar ta shigo gidan da shekarunta, domin ta gwanjo ce. Tare suka gama karatun injiniya da Yaya, tare suka fara aikin gwajin ƙasa. Yaya takan haƙo ƙasar gaɓar kogi, a auna yawan ruwan da take iya sha kafin ta saki, sannan ta zuba wa marigayiyar lambobin. Ita kuma ta yi ta lissafi, ta zana unguwa a fuskarta, ta shafa shuɗi duk inda ambaliya za ta kai. Ba ta taɓa faɗin ƙarya don wani ya ji daɗi ba. Akwai ɗan kwangilar da ta shafa wa sabon gidansa shuɗi har taga. Ya zo ya yi ta faɗa, ba ta goge ba.

Ba mai surutu ba ce. In aiki ya yi nauyi sai ta ɗan yi "fuuu". In ta gama ta ce "tin". Shi ke nan.

Ta daɗe tana fama da zafin jiki. Batirinta ya riga ta tafiya. A kan marafan kwalba ake ɗora ta don iska ta shiga ta ƙasa.

Bana kogi ya ci gindin tarin ƙasar da ke kare layin, har tsaga ta fito. Yaya ta roƙi Umma su koma gidan Kawu a kan tudu zuwa ƙarshen damina. Umma ta ƙi. A ɗakin nan Baba ya rasu, kuma ta ce ba yarinyar da ta goya ce za ta tashe ta daga ɗakin mijinta ba. Amma in na'urar ta shafa wa gidan shuɗi, za ta tashi, tunda ita na'ura ba ta da tsoro.

Sai Yaya ta ɗora wa marigayiyar lissafin da ya fi ƙarfinta, ta kuma san ya fi. Kwana da kwanaki na'urar tana huci. Kogi na hawa. Umma da kanta ta jawo kujera tana yi mata fifita, tana cewa baiwar Allah ta yi a hankali, ba wanda ke korarta.

Ba ta ce "tin" ba. Fuskar ce kawai ta yi baƙi.

Yaya ta dafa ta har ta yi sanyi. Ba ta yi kuka ba. Taga take kallo, wajen kogi, ba ta da abin da za ta nuna wa Umma.

Umma ta ajiye mafici. Sannan ta ce, "Abin da ya leƙa ƙarƙashin gidan nan ya gwammace mutuwa da ya faɗa mini, ba alheri ya gani ba. Ɗauko mini akwatina."

Marigayiyar ta bar cajar da aka naɗe da salatif, da jakar da zik ɗinta ya lalace, da Yaya, wadda har yanzu in ta wayi gari sai ta miƙa hannu wajen da ta saba ajiye ta.

Za a yi mata sutura gobe da hantsi a rumfar mai gyara, bayan ya ciro abin da zai ciru daga cikinta. Ana karɓar gaisuwa a gidan Kawu. Kada a je tsohon gida, Umma ta kulle shi da hannunta. Mai gyara ya ce fankar ciki ce kawai ta tsaya. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada wannan magana ta kai kunnen Umma sai bayan damina.