Rasuwar Farar Shat ta Saje Haggai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji wanda ya wayi gari ba sutura, Saje Haggai mai ritaya, na hanyar Dabai a Zuru, yana sanar da 'yan uwa, da tsofaffin sojoji, da zumuntar maza ta coci, rasuwar farar shat ɗinsa mai dogon hannu. Ta cika ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 2006, da hantsi, a shagon Japhet tela, tana da shekara ashirin da bakwai.

Marigayiyar ta zo Zuru daga Labanon a ƙasan jakar Saje. Tun ranar yake shaida wa duk mai kunne cewa auduga ce zalla, saƙar Ingila, kuma ba wanda ya taɓa musa masa ya kwashe lafiya. In aka ɗaga ta a rana, sai a ga siraran layuka sun karkata kamar kunyoyi a jikin dutse. Mai haƙuri ce. Ta sha bula, ta sha sitaci, ta sha dutsen guga na gawayi, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ranar Lahadi kuwa, kafin a ga Saje an ji ta: ƙaras, ƙaras, ƙaras, har bencin gaba.

Ciwon ajali ya fara ne daga kwala. Da aka sa ranar auren Magdalene, autarsa, Saje ya yi rantsuwa gaban mutane cewa da wannan rigar zai miƙa 'yarsa, don da ita ya miƙa yayyenta uku, kuma auta ba za ta ce an rage mata komai ba. Uwargida Keziah ta nuna masa ankon da dangi suka fitar, rawaya mai zanen abarba. Ya ce ko gawarsa kada a sa wa.

To, gyaran kwala sai da yadi irin nata, sanin irin nata kuma nan gizo ke saƙa. Japhet ya murza, ya shinshina, ya ce sai an kai samfur gaba. Aka yanki ɗan ƙyalle a gindinta aka ba direban Kontagora, masana can suka ce ba su san ta ba. Aka sake yanka aka aika Sakkwato, wani dattijo ya ce rabonsa da irin wannan saƙa tun yana saurayi, a ƙaro masa ya duba da kyau. Aka ƙara masa. Na Kano bai ma dawo ba. Kafin wata guda, baiwar Allah da a da take sauka har cinya ta daina shiga wando, cibiyar Saje ta fara halartar taro.

Nan ya kafa doka: almakashi ba zai sake taɓa ta ba. Japhet ya ce saura gwaji ɗaya, a ƙona zare guda. In ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule tetiron ne, wato yadin roba. Da yake an hana yanka, kuma umarnin soja ba a yi masa gyara, sai ya jawo zaren yana haɗe da uwarsa ya ƙyasta ashana. Maganarta ta ƙarshe ita ce: fuuu. Wuta ta bi gaban rigar har aljihu, ta bar shi a dunƙule baƙi ƙirin, shago ya cika da warin ƙonanniyar leda. Saje ya ce sitacin bana ne ba shi da kyau. Daga nan ya zauna a bencin shagon da ita a cinya har azahar, kuma waɗanda suka san shi tun yaƙi sun ce ba su taɓa ganin idonsa haka ba.

Ta rasu ta bar wando baƙi ɗaya, da singileti biyu, da maɓalli biyar, da mai ita. Uwargida Keziah ta ɗauki rashin da dangana mai ban mamaki, har an ji ta tana waƙa a madafa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, a ƙasan akwatin ƙarfe, kusa da takardar sallama daga soja. Ana roƙon duk wanda ƙyallenta ke hannunsa ya dawo da shi, a binne ta cikakkiya. Masu zuwa gaisuwa kada su ambaci tetiron. Mai makoki ya ce shi ba ya son sani kuma. Ƙarfe goma za a wuce coci ɗaurin aure. Wanda ya ga dattijo cikin rigar abarba riƙe da hannun amarya, ya yi wa Allah ya kalli amaryar.