Yaɗiyar Gidan Kumandan

Aikin lambu a gidan kumandan wahala ce, ba wani abu ba. Na yi dako, na yi haƙar rijiya, duk na manta zafinsu. Amma abin da ya same ni a gindin tsamiyar nan, shi kam ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so.

Lokacin Faransawa ba su daɗe da zama Damagaram ba. Kumandan ya gina gidansa cikin waɗansu tsamiyoyi manya saboda inuwa. Inuwa ta samu, sai kuma ya ce yana son ƙasa ta yi kore shar irin ta garinsu. Wata ciyawa ce wai gazo, aka kawo irinta cikin gwangwani. Kowa a ƙasar nan ya san ba abin da ke yin kirki a gindin tsamiya sai tururuwa, amma wa zai gaya wa Nasara? Na shuka. Ni da 'yan kaso muka yi ta jigilar ruwa a tulu, a garin da mata ke dambe kan guga guda. Gazo ya leƙo, ya ga inda aka kawo shi, ya mutu. Na gwada kirikiri, ita kuma rana take so, ta gudu bakin shinge ta bar ni da ƙasa tsirara.

Sai tafinta ya kira ni gefe. Ya ce kumandan ya gaji. In ranar bikinsu ta zo, manyan soja suka zauna shan abinsu a kan turɓaya, to ni ayarin masu dako zan bi zuwa Agadas. Na taɓa yin hanyar nan sau ɗaya. Wuyana har yau bai gama komawa daidai ba, kuma ba duka muka dawo ba.

Ina tafiya gida ina tunani, sai na yi tuntuɓe da yaɗiya a bayan ganuwa. Ba mai ba ta ruwa, ba mai kula ta, ga ta kore kamar ba a cikin bazara ba. Na ce to, ga gazon talaka. Na haƙo saiwoyinta na dasa, duk wadda ta nufi hawa itace na danne ta da dutse. Ikon Allah, ta kama, ta shimfiɗu. Kumandan ya fito ya duba, ya bubbuga kafaɗata. Ni kuwa (a nan wautar ta fara) na koma gida na cika baki, har ina kwatanta faɗin ganyen da yatsa.

A shekarar ruwa ya makara, rumbuna sun yi fayau. Surukata Iya, uwar matata Fanna, ta baro Dogo ta zo ta zauna wurinmu. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon ƙwayar idonta ba. In na hango ta, takalmi nake cirewa in durƙusa. Ko ruwa ban sha a gabanta.

Biki na matsowa, sai yaɗiya ta fara sanƙo. Yau nan, gobe can. Na ɗora wa awaki, na toshe shinge da ƙaya, ba ta daina ba. Kuma akuya ba ta zaɓen ganye mai laushi ta bar tsoho. Kumandan ya yi ta ihu da yarensu. Ni kuma don tsoro na rantse gaban gardawan da ke tsaron gidan cewa da hannuna zan kama ɓarawon, in ja shi har gabansa.

Na lura da tsakar rana ake ɓarnar, lokacin da Nasara ke barci, ni ma nake nawa. Sai na hau tsamiya na laɓe (mutum mai furfura a gemu, a kan reshe, tururuwa na cin cinyarsa). Can sai ga wata ta kutso ta ƙasan shinge, ta lulluɓe kai da zane, ta duƙa tana tsinka tana zubawa a lefe. Hankalinta kwance, kamar gonar ubanta.

Na diro. Reshe ya riƙe wandona, ya tsaga shi tun daga ƙugu, ban ma ji ba. Na cafke hannunta ina zagi. Ba zan maimaita ba. Na dai ambaci uwarta, na ambaci wadda ta haifi uwar, na ce tsohuwar banza marar kunya.

Ta juyo. Iya ce.

Ba ta firgita ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ta dubi hannuna a kan nata, ta dubi wandon, ta kawar da kai, ta ce, "Sannu da aiki, baban yara. Ai jiya kai ka aiko a ƙaro maka."

Kwaɗon da nake ci kullum da yamma ke nan. Ina lashe akushi, ina cewa Fanna ta iya nema cikin yunwar nan. Ban taɓa tambayar inda ake samo ganye mai faɗi haka ba. Lambun kumandan nake ci, da ƙuli da barkono.

Na zube na durƙusa, hannu ɗaya na riƙe wando, ɗaya na neman cire takalmin da ban sa ba. A haka kumandan ya fito da 'yar shara, gardawa biye da shi. Ya ga ɓarauniya a tsaye, mai kamu a ƙasa. Ya tambaya ko ita ce. Tafinta ya san ko wace ce, yana ta cizon leɓe.

In na ce ita ce, kaso za a kai ta. In na ce ba ita ba ce, ga lefe cike. Na ce, "Gaya masa ni na sa ta. Aski take yi wa ciyawar."

Kumandan ya dubi sanƙon, ya dube ni. Abin da ya faɗa gajere ne, tafinta bai ma wahalar da kansa ba. Iya kuwa ta ɗauki lefenta ta fita ta babbar ƙofa, ba ta zubar da ganye ko ɗaya ba.

Abin da na koya bai da yawa. A Damagaram, in za ka shuka abin ado, shuka wanda ba ya shiga akushi. In kuwa ka shuka, rufe bakinka a gida.

Ban iya shiga gidana ba ran nan, a zaure na kwana. Da asuba, tun gardi bai zo nemana ba, na kai kaina wurin masu dako, na zaɓi kaya na ɗora. Agadas da nisa, amma ba surukata a can. Muna fita gari Fanna ta biyo ni da ƙullin guzuri, ta ce Iya ce ta ce a ba ni. Ban kwance ba. Tun daga ƙanshin na san ko mene ne.