Rasuwar Florica, Taraktar Ture Ƙanƙara

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika fal, Gavril Pintilie na ƙauyen Poiana Ciutei, a madadin iyalinsa da duk mai taka hanya a wannan kwari, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar taraktarsa, Florica, wadda rai ya yi wa halinsa da hantsin ranar Alhamis a gangaren coci, tana bakin aikinta.

Marigayiyar ta shigo hannun Gavril tun gashin kansa yana baƙi. Da damina tana jan ciyawa da itace kamar kowace tarakta, amma da zarar dusar ƙanƙara ta fara zuba sai a ɗaura mata garma a gaba. Motar gwamnati mai watsa gishiri don narkar da ƙanƙara iyakarta babban titi, ba ta taɓa hawowa nan ba. Florica ce ke buɗe hanya ga motar burodi, da ma'aikacin gidan waya, da 'yan makaranta, waɗanda har yau ba su yafe mata ba.

Ta kasance mai natsuwa, ba ta taɓa wuce tsohuwa mai dawowa daga kasuwa ba. Fitila ɗaya gare ta, ita ma sama take kallo. Ba ta tashi da safe sai Gavril ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin cikinta, ya lulluɓe ta da bargo, ya lallashe ta da magana mai daɗi. Sannan za ta ce kof, kof, tukutukutuku, karnukan gari su amsa mata. Matarsa Domnica, wadda bargon nata ne, ta sha faɗin ra'ayinta a kan wannan al'ada.

Tun kaka Florica ta fara tari mai baƙin hayaƙi. Makanike ya kara kunne a jikinta, ya cire hularsa, ya ce a bar ta ta huta.

Ranar Alhamis aka wayi gari ƙanƙara ta kai tagogi. Ilinca, matar malamin makaranta, tana naƙuda a gidansu da ke can saman tudu, motar asibiti kuwa ta tsaya a bakin gada, ba hanya. Malamin ya keto ƙanƙara har ƙugu ya iso ƙofar Gavril.

"Kawu Gavril, ka taimake ni!"

Domnica ta leƙo ta ce, "Tsoho, wannan akwalar ko coci ba za ta kai ba."

"Yi shiru, tsohuwa, tana jin ki."

Ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sauka gada, ta juyo ta hau tudun tana tari tana ture ƙanƙara, motar asibiti na bin ta a baya, Gavril na shafa sitiyari yana cewa, "Saura kaɗan, 'yar albarka." Aka ɗauki Ilinca aka wuce da ita asibitin birni.

A hanyar dawowa ne Gavril ya ga wani tulin ƙanƙara a kwanar coci, ya sauke garma ya nufe shi. Ashe motar maƙwabcinsa Toader Bursuc ce a binne a ciki, mutumin da har limamin coci ya roƙa a gaban jama'a ya daina kwanar da motarsa a hanya. Aka ji ƙwaram! Florica ta ce tuku, tuk. Lagireto ya saki dogon numfashi, fitilar nan ta mutu.

Toader ya fito da silifa, cokalin mamaliga, wato tuwon masara, a hannunsa.

"Maƙwabci, ka kashe min mota!"

"Ƙofa ɗaya ce ta lotsa a taka, sakarai. Ni gawa ce a hannuna."

Gavril ya ƙi saukowa daga kujerarsa har ƙanƙara ta taru a gashin bakinsa. Sai da Domnica ta zo da bargon, ta rufe injin da hannunta, sannan ya sauko.

Marigayiyar ta bar garma ɗaya a lanƙwashe, da tirela mai taya uku, da rabin jarkar baƙin mai, da Gavril. An kuma sami labarin Ilinca ta haifi 'ya mace lafiya. Malamin ya nemi a sa wa jaririyar suna Florica, mai jego ta ce ya bari ta sami ƙarfin tashi tukuna, za ta ba shi amsa.

Game da jana'iza, gawar na nan a tsakiyar hanya. Mai sayen tsohon ƙarfe ya ce zai zo ɗaukarta idan an buɗe hanya, mai buɗe hanyar kuma ita ce kwance. Don haka za a hallara ranar Asabar da an kaɗa ƙararrawar coci, kowa da sheburinsa. Kowa ya fara daga ƙofar gidansa, ya haɗa da ta tsohon da ke kusa da shi. A watsa ƙanƙarar cikin lambu, kada a mayar da ita kan titi. Mai tokar murhu ya zo da ita a barbaɗa a gangare saboda santsi, mai mota ya shigar da ita gida. Ba a buƙatar furanni. Domnica za ta dafa naɗin kabeji ga waɗanda suka yi gumi kaɗai.

Bayan an share hanya, za a ɗaura wa Florica igiya, mazan gari su ja ta zuwa gada, Toader a kan gaba, Gavril a kan sitiyari. Ana roƙon masu ja da su yi tsalle gefe da zarar an fara gangarawa, domin marigayiyar ba ta taɓa mallakar birki ba a rayuwarta.