Ranar Da Na Kai Kawu Kara

Shekarar da na dawo Gummi daga koyon kwamfuta a Sakkwato, ƙungiyar dillalan shanu ta ce in yi mata shafin intanet. Kawuna Alhaji Bawa ne shugabanta. Na gina shafin, na sa hoton Kawu da na wani bijimin sayarwa, na gwada a sabuwar burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, komai ya zauna daram. Sakataren ƙungiya ya ce in gwada a tsohuwar burauzar da ke kwamfutar ofishinsu, na yi dariya na ce, "Malam, wa ke ta wannan tsohuwa yanzu?"

Ranar nuna aiki dattawa suka cika ofis, sakatare ya buɗe shafin a kwamfutarsu. Tsohuwa kuwa ta rama. Hoton bijimi ya sauka ƙasa, na Kawu da rawaninsa ya haye gurbinsa, ƙarƙashi ga rubutu: "Ƙosasshe ne, ba ya tunkuyi, na sayarwa."

Kawu ba ya karanta boko. Ya ce, "Mi anka rubuta ƙarƙashina?"

Sakatare ya karanta masa da ƙarfi, har sau biyu.

Har yau in na ratsa kara, kasuwar shanu, sai wani dillali ya ɗaga murya: "Injiniya, an sallama Kawun, ko mu taya?"